Allon STM32 lafiyarsa lau, amma USART da ADC sun ƙi motsi: ina matsalar take?

Ƙanena, na karanta saƙonka sau biyu kafin in zauna rubuta amsa. Ka ce kana haɗa na'urar da za ta riƙa kula da famfon sola a garkar kawunka da ke Jiratawa, tana auna ƙarfin batir, tana kunna famfo da kashe shi, tana kuma aika bayani zuwa kwamfuta ta waya biyu. Ka ce shekara biyu kana aiki da Arduino Uno ba tare da wata wahala ba, amma da ka koma allon nan shuɗi mai ɗauke da STM32F103C8T6, wanda ake kira Blue Pill, ka fara rubuta rajista da hannunka, wato ƴan wuraren saiti da ke cikin ayisi (IC, ƙwayar lantarkin da ke tsakiyar allon), sai ƴar fitilar PC13 kaɗai ke amsa maka: ƙafar PA9, mafitar USART, sashen aika saƙo ta waya, ba ta fitar da ko harafi ɗaya, ADC kuma, sashen da ke mayar da ƙarfin wuta zuwa lamba, sifili yake ba ka kullum. Har ka sa an kawo maka allo na biyu daga Kano, shi ma haka, shi ne kake tambaya ko jabu aka sayar maka.

Gaskiya ne cewa alluna da yawa da ke yawo a kasuwa ayisin da ke kansu na kwaikwayo ne, ba na kamfanin ST ba, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Allon da ya karɓi furogiram, ya kuma kunna fitila yana kashe ta, ƙwaƙwalwarsa tana aiki. Abin da ya same ka shi ne sabon da Arduino ya yi maka. A ayisin Uno, wato ATmega328P, rajistar da ke rage cin wuta, PRR, tana tashi da sifili, ma'ana duk sassan gefe suna samun bugun agogo tun daga farko, sai in kai ne ka hana su. Ga kuma laburaren Arduino da ke yi maka sauran saitin a ɓoye. STM32 kuwa akasin haka aka gina shi. Idan ya tashi, ƙwaƙwalwar Cortex-M3 da ma'ajiyarta ne kawai a farke, amma tashoshin ƙafafu, da USART, da ADC, da taimomi masu ƙirga lokaci, duk barci suke yi, domin kowane sashe da ke samun bugun agogo yana cin wuta ko ba a amfani da shi, shi ya sa aka rufe wa kowa ƙofarsa.

Tunda garka ka saba da ita, ɗauki bugun agogo kamar ruwan da ke gudu a babbar magudana, kowane sashe kuma fangali ne mai bakinsa. Kana iya zuba taki da iri a fangalin da ba a buɗe wa baki ba, ba abin da zai tsiro. Sai dai a nan abin ya fi haka muni, saboda sashen da ba shi da agogo ba ya ma karɓar abin da ka rubuta masa. Ka rubuta saurin aika saƙo a rajistar BRR, umarnin ya wuce lafiya, ba kuskure, ba gargaɗi, amma in ka koma ka karanta rajistar sifili za ka tarar. Littafin bayanin wannan iyali na ayisi, wanda ST ta ba lambar RM0008, ya faɗi wannan ƙarara a babin RCC. Sifilin da ADC ke ba ka ina kyautata zaton ba awon batir ba ne sam, amsar sashen da bai farka ba ce.

Mai riƙe da makullan bakunan nan shi ne sashen RCC. A wannan ayisi sassan gefe suna rataye a kan layuka uku, AHB da APB1 da APB2, kowane layi da rajistar buɗewarsa. Tashoshin ƙafafu A da B da C, da AFIO mai sauya wa ƙafafu aiki, da ADC1, da TIM1, da SPI1, da USART1, duk a APB2 suke, rajistarsu kuma RCC_APB2ENR ce, wadda ke adireshin 0x40021018. A cikinta bit na 0 na AFIO ne, na 2 na tashar A, na 3 na tashar B, na 4 na tashar C, na 9 na ADC1, na 11 na TIM1, na 14 kuma na USART1. TIM2 da TIM3 da TIM4 da USART2 da I2C1 suna APB1, DMA yana AHB. Fitilar PC13 da take yi maka aiki, in ka koma misalin da ka kwafo za ka ga layin da ya ɗaga bit na 4, ka wuce shi ba ka lura da muhimmancinsa ba. Abin da mutane ke yawan mantawa shi ne USART1 yana buƙatar makulli biyu, nasa da na tashar A, domin saƙon a cikin USART ake ƙera shi, amma ta ƙafar tashar A yake fita. Wanda ya buɗe na USART ya bar na tashar A zai ga tutar TXE, bit ɗin da ke nuna an shirya karɓar harafi na gaba, tana tashi tana sauka kamar komai daidai, alhali waya shiru.

RCC->APB2ENR |= (1<<14) | (1<<9) | (1<<2) | (1<<0);

Ka lura da alamar |= ɗin nan. Idan ka sa = zalla, ka buɗe wa waɗannan huɗu baki, ka kuma toshe na tashar C da ka buɗe a baya, sai fitilar da kake dogaro da ita ta tsaya, kai kuma ka ƙara rikicewa. Yana da kyau bayan wannan layi ka karanta rajistar sau ɗaya kafin ka taɓa sashen, don a ba agogon ɗan lokacin isa. Laburaren HAL na ST ma haka yake yi a cikin umarnin da yake kunna agogon kowace tasha.

Bayan agogo sai ƙafa, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin akwai wani rami da na ga ya haɗiye ɗalibai masu ƙwazo da dama. A iyalin F1 kowace ƙafa tana da bit huɗu na saiti, biyu na ƙasa sunansu MODE, biyu na sama CNF. Ƙafafu 0 zuwa 7 suna rajistar CRL, 8 zuwa 15 suna CRH. PA9, wadda ita ce bakin USART1, bit ɗinta su ne na 4 zuwa na 7 a GPIOA_CRH. Ana so ta zama mafita, amma mafitar da sashen gefe ke tuƙawa, ba rajistar ODR da furogiram ke ɗaga ƙafa ko sauke ta da ita kai tsaye ba, tana kuma iya tura layi sama da jawo shi ƙasa. Wannan shi ne CNF 10 da MODE 11, wato 1011, ko 0xB. To, rajistar ba da sifili take tashi ba. Tana tashi da 0x44444444, wato kowace ƙafa 0100, mashiga mai lilo da ba a ɗaure ta sama ko ƙasa ba. Idan ka yi |= da 0xB a kan 0100 ba tare da ka share wurin ba, abin da zai zauna shi ne 1111, ba 1011 ba. Shi kuma 1111 saiti ne halastacce, ayisi ba zai yi maka gardama ba: ƙafar za ta iya jan layi ƙasa amma ba za ta iya mayar da shi sama ba, sai in akwai rezisto a waje da ke ja. Mugun abin shi ne wasu na'urorin USB da ake haɗawa da kwamfuta suna da irin wannan rezisto a mashigarsu, wasu ba su da shi, don haka furogiram guda zai yi aiki a teburin abokinka ya ƙi yi a naka, ku kwana kuna zargin waya. Maganin layi biyu ne, a share sannan a rubuta:

GPIOA->CRH &= ~(0xF<<4);
GPIOA->CRH |= (0xB<<4);

PA10, kunnen USART1, tana iya zama yadda ta tashi a 0100, ko ka ɗaure ta sama daga ciki don kada ta riƙa kwasar hayaniya idan an cire waya. Wannan ɗabi'a ta sharewa kafin rubutawa ka riƙe ta a duk filin rajista da ya wuce bit ɗaya, ko da kana ganin sifili ne a wurin.

Sai saurin aika saƙo, wanda ba ya yiwuwa a lissafa shi sai an san ainihin gudun da ayisi ke yi. A jikin talla an rubuta 72 MHz, amma wannan iyakar ƙarfinsa ne, ba gudun da yake tashi da shi ba. Yana tashi ne da agogonsa na ciki, HSI, mai 8 MHz, kuma a nan zai zauna har sai wani ya ɗaga shi. Tsofaffin laburaren ST suna ɗaga shi tun kafin a shiga main, amma in ka buɗe aiki fanko a STM32CubeIDE, manhajar ST ta rubuta furogiram, babu mai yi maka wannan. Lissafin BRR mai sauƙi ne: gudun layin da USART yake kai, a raba da saurin da ake so. A 72 MHz, saurin 9600 yana ba da 7500, saurin 115200 yana ba da 625. Idan ka kwafo 7500 daga intanet alhali ayisinka yana kan 8 MHz, saƙonka zai fita da saurin kusan 1067, kwamfuta kuma za ta nuna maka tarkacen alamomi ko ta yi shiru. A 8 MHz lambar da ta dace da 9600 ita ce 833. Haka kuma ranar da ka koma USART2, mai fita ta PA2 da PA3, ka tuna a APB1 yake, shi kuma APB1 ba a yarda ya wuce 36 MHz ba, don haka 3750 za ka sa. Wanda ya bar 7500 zai samu rabin saurin, 4800.

Ɗaga agogo zuwa 72 MHz yana da tsarinsa, kuma ba a tsallake mataki. Za ka kunna HSE, wato kiristal mai 8 MHz da ke jikin allon, ka jira tutar HSERDY ta tashi. Kafin ka ƙara gudu, sai ka gaya wa ma'ajiyar filash ta riƙa jinkiri na bugu biyu a rajistar FLASH_ACR, domin sama da 48 MHz ba ta iya biyo ƙwaƙwalwa da ƙasa da haka, kuma wanda ya manta wannan zai ga ayisi ya sandare daidai lokacin da ya sauya agogo. Sannan ka raba APB1 gida biyu, ka zaɓi HSE a matsayin tushen PLL, wato sashen da ke ninka gudun agogo, ka sa ninki 9, duk wannan PLL yana kashe, saboda in yana kunne ba ya karɓar sauyi. Daga nan ka kunna shi, ka jira PLLRDY, ka juya SW, filin zaɓen tushen agogo, zuwa PLL, ka kuma karanta SWS don tabbatar da cewa juyin ya auku. Ina ba ka shawara ka sa wa kowane jira iyaka. Kiristal na iya ƙin tashi saboda walda mara kyau ko ƙura da danshi, kuma furogiram ɗin da ke jiran HSERDY har abada, a cikin akwati a bakin rijiya, ba shi da bambanci da mataccen allo.

Za ka iya cewa me zai hana ka zauna a kan HSI ka huta. Don gwaji a ɗaki babu laifi. Amma HSI ba kiristal ba ne, an daidaita shi a masana'anta zuwa kusan kashi 1 cikin 100 a zafin digiri 25, kuma yana ƙara kaucewa idan zafi ya ƙaru. Ka san yadda Afirilu da Mayu suke a garin nan, inuwa ma takan wuce digiri 40, balle cikin akwatin ƙarfe da rana ta doka tun hantsi. USART ba shi da wayar agogo tsakanin mai aikawa da mai karɓa, kowanne da nasa yake ƙirga, kuma ƴan kashi kaɗan na bambanci suke iya jurewa a tsakaninsu. Tunda kiristal yana kan allon, an riga an biya kuɗinsa, a yi amfani da shi.

Na san osiloskop ba kowa ke da shi ba, wanda ke ɗakin gwajin makaranta ma layi ake bi, don haka ga yadda nake bincike da mita kawai. Da farko ka sa SysTick, taimar da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta, ya ƙirga 72000 a matsayin milisakan ɗaya, ka sa fitila ta sauya kowace daƙiƙa, ka auna da agogon wayarka. In ta ɗauki daƙiƙa 9 kafin ta sauya, ka san kana kan 8 MHz. Na biyu, bayan ka rubuta BRR, ka ɗaga TE da RE da UE, masu kunna aikawa da karɓa da sashen kansa, a USART_CR1, wato bit na 3 da na 2 da na 13, sai ka cire duk wayar da ke PA9 ka ɗora mita: ya kamata ka ga volt 3.3 a tsaye, saboda layin USART a sama yake hutawa. In ka ga lamba tana yawo, koma kan CRH. Na uku, wanda na fi so, ka sa furogiram ya riƙa aika harafin U babba ba tsayawa. Lambarsa 0x55 ce, kuma idan aka haɗa ta da bit na farawa da na tsayawa, layin yana sauka yana hawa daidai wa daida, don haka mita za ta nuna kusan rabin wuta, wajen volt 1.65. In mitarka tana da awon Hz, a saurin 9600 za ta nuna 4800, in kuwa ta nuna wajen 533, ka kama ɓarawonka: BRR na 72 MHz a kan agogon 8 MHz. Gwajin da aka fi sani, na haɗa PA9 da PA10 ayisi ya ji maganar kansa, yana da amfani, amma kada ya ruɗe ka, domin baki da kunne da lamba ɗaya suke aiki, ko saurin ya kauce za su fahimci juna. Idan duk wannan ya yi daidai kwamfuta ba ta ji ba, duba cewa TX na allo ya tafi RX na na'urar USB, kuma GND ɗinsu haɗe yake.

ADC yana da nasa sharuɗɗa, kuma ya fi USART son a lallaɓa shi. Agogonsa bai kamata ya wuce 14 MHz ba, alhali mai rabawarsa, ADCPRE a RCC_CFGR, yana tashi da rabi biyu, wanda a 72 MHz zai ba shi 36. Abin haushi shi ne ba zai ƙi aiki ba, zai ba ka lambobi, sai dai ba abin dogaro ba ne. Ka sa rabi shida, ya samu 12 MHz. Ƙafar awo, a ce PA0 wadda ita ce tasha ta 0, sai ta koma yanayin analog, wato 0000 a CRL. Bit ɗin ADON kuma aiki biyu yake yi: ɗagawar farko tashin ADC daga barci ne kawai, ɗagawa ta biyu ce ke fara awo, kuma da yawa sukan ɗaga shi sau ɗaya su zauna jiran tutar gama awo, EOC, da ba za ta zo ba. Tsakanin biyun ka ɗan jira, ka ɗaga CAL, ka jira ya sauka da kansa, wannan shi ne daidaita kai da ake so a yi bayan kowace kunnawa.

Batir ɗinka na volt 12 ba zai taɓa ƙafar kai tsaye ba. Wasu ƙafafun ayisin suna jure volt 5, kamar PA9 da PA10, amma PA0 zuwa PA7 ba sa cikinsu, iyakarsu wutar allon. Da rezisto 47k a sama da 10k a ƙasa, batir mai volt 14.4 a lokacin caji zai iso ƙafa da kusan 2.53, mai 12.6 kuma da kusan 2.21, wanda a ma'aunin bit 12, daga 0 zuwa 4095, zai fito wajen 2743. Sai dai irin waɗannan rezisto manya ba sa cika ɗan kwandansan cikin ADC da sauri, lokacin ɗaukar samfuri kuma yana tashi a mafi gajarta, bugu 1.5. Ka tsawaita shi a SMPR2. Batir ba gudu yake yi ba, ka ba shi mafi tsawo, bugu 239.5, ka kuma ɗora kwandansa 100 nF tsakanin ƙafar da GND. Kuma ka auna ainihin wutar allon da mita, domin ita ce ma'aunin da ADC ke gwada komai da shi, in 3.25 ce kai kuma ka rubuta 3.3 a lissafi, duk awonka zai karkata.

Taimomi ba za su ba ka wahala sosai ba in ka riƙe abu biyu. Na farko, ko da yake TIM2 zuwa TIM4 suna APB1 mai 36 MHz, idan an raba layin ayisi yana ninka musu agogo, don haka da 72 MHz suke ƙirga. Sa 71 a PSC, rajistar raba agogon taima, zai sauko da shi 1 MHz, 999 kuma a ARR, iyakar ƙirga, ya ba ka zagaye 1000 a daƙiƙa. Dukansu biyu ana rage ɗaya ne saboda daga sifili ake fara ƙirga. Na biyu, TIM1 yana da wani makulli na ƙarshe da sauran ba su da shi, MOE a rajistar BDTR, wanda in ba a ɗaga ba, taima za ta yi ta ƙirga a ciki amma ƙafa ba za ta motsa ba. An yi shi ne don a iya yanke wa injin wuta nan take idan wani abu ya faru. SPI ba shi da wani sirri da ya wuce abin da na faɗa, I2C kuwa ƙafafunsa PB6 da PB7 su ne ke son saitin 1111 ɗin nan da na hana ka a PA9, tare da rezisto kamar 4.7k masu jan layi sama.

Game da ƙafar da za ka ɗora wa rilen famfo, bari in ba ka labarin kuskurena, tunda ni ma ba a haife ni da sani ba. Na taɓa haɗa wa wani mai garka irin na'urarka, na sa MOSFET, wato transistan da ke jan rile, a PB4, ba don komai ba sai don ita ce ta fi kusa da wurin a kan allon da na yi walda. Agogon tashar B a buɗe, CRL daidai, na karanta na sake karantawa, amma famfo ya ƙi mutuwa. Da na kai na'urar garka na haɗa don in ga ko nauyin famfo zai canza wani abu, muna tsaye muna magana tankin ya cika ya fara ambaliya a kan albasar mutumin, shi kuma yana dubana yana cewa, Malam, ai na ɗauka ita ke kashewa. Na cire fis da hannu na dawo gida. Da daddare na gano cewa PB4 ba tawa ba ce tukuna: ita da PB3 da PA15 na JTAG ne, hanyar loda furogiram da bincikensa, tun daga tashi, PB4 kuma a ɗaure take sama daga ciki, abin da ya ishi MOSFET ya kunnu. Ba sa zama ƙafafun aiki sai an buɗe wa AFIO agogo, an rubuta 010 a filin SWJ_CFG na AFIO_MAPR, wanda ke sakin waɗannan uku ya bar PA13 da PA14 na SWD, ɗaya hanyar lodawa mai ƙafa biyu. Ka yi hattara da wannan fili, domin in ka rubuta 100 ka kashe har SWD, ST-Link, na'urar da ke loda furogiram daga kwamfuta, ba zai ƙara ganin allon cikin sauƙi ba, sai ka matsar da BOOT0 zuwa 1 ka sake kunnawa kafin ka iya goge shi.

Darasin da na ɗauka a ranar ya wuce na PB4. Tsakanin lokacin da wuta ta zo da lokacin da furogiram ya kai ga saita ƙafa, ƙafar lilo take yi, kuma a na'urar da ke kan sola wannan ɗan tsakani yana maimaituwa duk lokacin da batir ya yi ƙasa ya dawo. Don haka ka sa rezisto 10k daga ƙofar MOSFET zuwa GND, ta yadda famfo zai kasance a kashe ko ayisi bai ce komai ba, sannan a furogiram ka rubuta sifili a ODR kafin ka mayar da ƙafar mafita, ba bayan haka ba. Ka ɗora dayod a kan nadin rile. Kada kuma ka yi amfani da PC13 zuwa PC15 wajen jan wani nauyi, ƙarfinsu bai wuce 3 mA ba.

Katsewa, wato sashe ya dakatar da ƙwaƙwalwa don ta saurare shi nan take, ita ce ta ƙarshe a jeri, kuma ina ba ka shawara kada ka taɓa ta sai sashen ya yi aiki ta hanyar duba tuta da hannu. Ita ma ƙofa biyu gare ta: ta cikin sashen, kamar RXNEIE, bit na 5 a USART_CR1, da ta NVIC, mai kula da duk katsewa a cikin ƙwaƙwalwa, inda USART1 yake lamba 37. Sunan aikin da zai amsa dole ya zo harafi da harafi kamar yadda yake a fayil ɗin farawa, USART1_IRQHandler. In ka kuskure harafi ɗaya kwamfaila ba za ta ce uffan ba, katsewar farko kuma za ta jefa ayisi cikin madaukin da ba ya fita. A cikin aikin dole ka sauke tutar da ta kira ka, ko ka dawwama a ciki: RXNE tana sauka idan ka karanta DR, ta cikowa, ORE, sai an karanta SR sannan DR, UIF ta taima kuwa da hannu ake rubuta mata sifili. Duk variable, wato ma'ajin ƙima a furogiram, da aikin katsewa da main suke rabawa ka sa masa volatile. Tunda na'urar za ta kwana ita kaɗai a garka, za ka so IWDG, mai gadin da ke sake tada ayisi idan furogiram ya maƙale, amma shi a sa shi bayan an gama komai, saboda da zarar an kunna shi ba ya kashuwa sai an sake tada ayisi, zai kuma riƙa katse maka bincike in ba ka sa a dakatar da shi lokacin da ST-Link ya tsayar da ƙwaƙwalwa ba.

Ka tambaya a ƙarshen saƙonka ko ka haƙura da rajista ka koma CubeMX, manhajar ST da ke rubuta maka saiti, da HAL. Ni ban ga aibu a wurinsu ba, da su nake yawancin aikin da ake biyana, kuma duk matakan nan su ne suke yi a madadinka. Amma tunda ka riga ka fara, ka ƙarasa wannan USART ɗaya da ADC ɗaya da hannu, domin ranar da abin da CubeMX ya haifar ya ƙi aiki, tagar rajista ce za ka buɗe, kuma sai wanda ya taɓa rubuta su ne yake gane abin da yake gani. Yanzu ka haɗa ST-Link, ka tsayar da furogiram bayan layin saiti na ƙarshe, ka buɗe tagar rajista, SFR, a CubeIDE, ka kwafo mini abin da ke cikin RCC_APB2ENR, da RCC_CFGR, da GPIOA_CRH, da USART1_BRR, da USART1_CR1. A ta farko ina sa ran ganin aƙalla 0x4215 in fitilar tana ciki, a CRH kuma lamba ta biyu daga dama ta zama B. In ka tarar da F a wurin, ba sai ka jira amsata ba.